Wutsiyar Basar

Tun da suka baro kwalta Orgil yake waƙa, kuma ba a ba shi murya ba. Suvda ta haƙura don amarya ce, ko furannin bikin ba su gama bushewa ba. Shi ya ce ba za su tafi otal kamar sauran 'yan birnin Ulaanbaatar ba, arewa za su yi, su zagaya bayan tafkin Khuvsgul a jif ɗin yayanta. Ga su kuwa a arewar, daga itatuwa sai laka sai ƙudaje masu cizo.

Da rana ta take, lagireto ya tafasa, ruwansu kuma ya ƙare. Suka lallaɓa motar zuwa wani tanti guda a gefen kurmi. Wani ƙaton baƙin kare na kwance a ƙofa.

Orgil ya sauke gilashi ya yi kiran da kowane baƙo ke yi kafin ya taka ƙasa: “Ku riƙe kare!”

Shiru. Ya sake. Shiru.

“Babu hayaƙi, da alama ba kowa a ciki,” in ji Suvda. “Kar ka sauka.”

“To a nan za mu zauna har mu haihu? Karnukan unguwarmu duk abokaina ne.”

“Karnukan unguwarku bola suke ci. Wannan kyarkeci yake kashewa.”

“Kai, amarya, ke da tsoro!” Ya ja mata kumatu, ya ɗauki galan ya fita.

Karen ko haushi bai yi ba. Tashi kawai ya yi, kafin Orgil ya juya ya riga ya danne shi a ƙasa. Wuya ya nema. Orgil ya tare da hannu, sai haƙoran suka nutse a damtsensa, karen ya shiga girgiza kai yana jan sa a kan tsakuwa. Suvda ta ji ƙarar ƙashi. Ta ji mijinta yana kiran sunanta da wata murya wadda ba ta san yana da ita ba.

Ba ta san lokacin da ƙarfen kwance taya ya zo hannunta ba. Ita da ta tashi da tarbiyyar cewa wanda ya kashe kare ya ɗauki zunubin da ba ya wankuwa, ta maka wa karen a gadon baya. Kamar ta doki katifa. Ta maka masa a kai, ta ƙara, ta ƙara, jini na fallatsar mata a fuska, tana kuka tana zaginsa. Ido ɗaya ya fashe, ƙafafun baya suka saki, amma bakin bai saki ba. Har ya mutu yana riƙe da hannun, sai da ta cusa ƙarfen tsakanin haƙoransa ta ɓanɓare.

Jini na tsartuwa daga damtsen. Ta zare bel ɗin Orgil ta ɗaure sama da ciwon, ya ragu amma bai tsaya ba. Waya babu sabis.

“Kin gani,” in ji Orgil, leɓɓansa sun yi fari, “ba abokina ba ne.”

“Rufe mini baki! Danne nan.”

Ta ruga cikin tantin neman ƙyalle. Wari ya tare ta. Murhu a mace, ga kuma wata tsohuwa kwance a ƙasa, ƙafarta ɗaya a karkace.

“Na ji ku, 'yata,” in ji tsohuwar, da ƙyar ake jin ta. “Ina ta cewa kar ku sauko, muryar ta ƙi fita. Faɗuwa na yi, ɗana kuma ya hau dutse da dabbobi.” Ta kasa kunne. “Me ya sa karena Basar ya yi shiru?”

Suvda ta tsallake tambayar. “Kaka, mijina zai mutu. Ina asibiti?”

“Ƙetaren kogi. Ba za ki gane mashigin ba, motarki za ta nutse. Ɗauke ni.”

Ta goya ta, ba ta fi nauyin ɗan rago ba. Suna fitowa tsohuwar ta ga abin da ke kwance cikin jini. Ta damƙi gashin Suvda ta finciko, ta shiga dukan kanta da ƙasusuwan hannunta.

“Shi ya hana kyarketai shigo mini! Ko loma ban iya miƙa masa ba, bai bar ƙofar nan ba. La'ananniya!”

Suvda ba ta kare kanta ba. Ta sa ta a kujerar baya, ta jawo Orgil ta kwantar kusa da ita, ta juye jarkar ruwan tsohuwar a lagireto.

“Wace hanya, Kaka?”

“Yanke wa Basar wutsiya tukuna. Ki sa a ƙarƙashin kansa, ki sa masa man shanu a baki. In ba haka ba kare zai sake dawowa, alhali ya cancanci ya dawo mutum.”

“Kaka, dubi jinin nan!”

“Ina gani. In ba ki yi ba, bakina ya rufe.”

A duniya Suvda ba ta taɓa ƙin wani mahaluki kamar yadda ta ƙi matar nan a lokacin ba. Ƙarfen na nan a ƙasa, ta kuma dube shi. Sai ta koma tanti da gudu ta ɗauko wuƙa da man shanu. Wuƙar dakusasshiya ce. Ta durƙusa tana gurzar ƙashi, gashi na manne mata a yatsu, tana jin numfashin Orgil daga mota, har wutsiyar ta fita. Ta ɗaga fasasshen kan ta sa, ta cusa man a bakin da ya ci naman mijinta.

Da ta dawo, tsohuwar ta riga ta ɗora hannun Orgil a cinyarta. Ta lalubo inda jinin ke fitowa, ta danna babban yatsanta har can ciki. Orgil ya kurma ihu ya suma. Jinin ya tsaya.

“Bi hagu da dutsen can,” in ji tsohuwar. Hawaye na bin fuskarta, ba ta da hannun sharewa.

Haka suka tafi. Duk ramin da motar ta faɗa, karyayyiyar ƙafar na buguwa da ƙofa, tsohuwar ta cije leɓe, yatsan bai motsa ba. A kogi ruwa ya kawo har ƙofa. Suvda na ta kiran Orgil, ba ya amsawa.

“Tuƙa, ke dai. Yana nan. Ina jin sa a yatsana.”

Rana ta yi sanyi suka isa ɗan asibitin garin. Hannun tsohuwar ya ƙage a kan ciwon, sai da masu jinya suka riƙa buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Aka shige da Orgil. Suvda ta zauna a ƙasa a baranda, jinin mijinta da na karen sun bushe a jikinta, ba ta iya bambance su.

Can likita ta fito ta ce zai tashi, hannun ne dai ba ta yi alkawari ba. Suvda ta yi kuka har ta ƙoshi. Sannan ta nemi ɗakin da aka kwantar da tsohuwar, ta durƙusa a gefen gadon.

“Kaka, ya tsira. Ban san da wane baki zan gode miki ba.”

Tsohuwar ta daɗe tana kallon hannun da ta danne ciwon da shi, wanda ba a riga an wanke ba.

“To,” in ji ta. “Naki dai ya tashi.”

Ta juya fuskarta ga bango.