Gidan da Ba Ƙusa

A shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, hukuma ta ga ya dace a rage baƙi domin a ji daɗin tarbar baƙi. Sabunta biza ya zama aiki, 'yan kasuwar Tianxiu, cibiyar baƙin fatake, suka shiga ɗaure jaka. Bizar Alhaji Musa, dillalin kayan gini daga Kano, ita ma ta kusa ƙarewa, kuma bai da niyyar komawa gida hannu rabbana. Abin da yake nema kwantena ce ta tayil mai ruwan madara, irin wanda sababbin masu kuɗin Kano suke mannawa har a bangon masai. Guda ɗaya ta rage a masana'antar Mista Liang, kuma Issa, wani ɗan Maraɗi mai yawan murmushi, shi ma ita yake so.

Liang bai zaɓa ba. Ya ce ranar Asabar zai kai su duka biyun gidan kakanninsa a ƙauye, in sun dawo ya yanke.

Alhaji Musa ya san ma'anar a kai mutum gida. Ya sa babbar riga mai aiki, ya fesa turare, ya fito da ƙullin goron da yake ta lallaɓawa tun daga Kano. Issa ya zo da 'yar shat da kyamara.

"Malam Issa, haka za ka je gaban dattawan mutane? Kamar mai zuwa kallon ƙwallo?"

"Alhaji, ai kai ne babba. Ka gaishe su a madadinmu."

A ƙofar gidan suka tarar da wata mata a cikin akurki tana yankar tikiti. Wannan ya ɗan daure wa Alhaji kai, amma ya yi wa Liang uzuri: kowane dangi da nasa marar kunyar.

Gidan na katako ne tun daga ginshiƙi har rufi, ya yi baƙi don tsufa. Ga garma a jingine, ga turmin sussukar shinkafa, ga hular kaba a rataye, an kewaye kowanne da jar igiya. A ɗakin tsakiya wani tsoho na zaune kan kujera da lofe a hannu. Alhaji ya yi sallama da ƙarfi, ya tsallake igiyar, ya durƙusa, ya ajiye goro a gabansa, ya fara jero gaisuwa. Ya kai ga tambayar iyali kafin ya lura tsohon ba ya ƙifta ido.

"Gunki ne, Alhaji," in ji Issa a hankali. "Amma ka ƙarasa, kada ya ce ba ka da tarbiyya."

Liang ya ji daɗin abin ƙwarai, ya ce bai taɓa ganin baƙon da ya girmama kakansa haka ba. Da Alhaji ya tsaya nan, da kwantena ta zama tasa. Sai dai shi mutum ne da bai taɓa yin shiru a inda shiru zai amfane shi ba.

Liang ya ja su gindin babban ginshiƙi, ya nuna musu yadda aka sassaƙa kowane katako ya shige bakin ɗan'uwansa. Cikin alfahari ya ce, da Turancinsa na kasuwa, duk gidan nan babu ƙusa ko ɗaya.

Tausayi ya kama Alhaji. Ya juya ga Issa da Hausa: "Ka ji talauci. Ko ƙusa ba su iya saya ba."

"Wallahi kango ne, Alhaji," in ji Issa, yana yi wa ginshiƙin murmushi, yana ɗaukarsa hoto. "Akuyata ba za ta kwana nan ba."

Alhaji ya zaro makulli daga aljihu, ya yi abin da yake yi wa kowane katako kafin ya saya: ya kankare shi sosai don ya ga ko gara ta ci. Farin zane ya fito a jikin baƙin itacen, tsawon ɗan yatsa. Mai gadi ya busa usur. Alhaji ya ɗaga masa hannu alamar ya kwantar da hankali, itacen da sauransa.

Sannan ya dafa kafaɗar Liang, ya yi masa magana irin ta ɗan'uwa. Ya ce abin kunya ne mai masana'antar tayil ya bar gidan ubansa da daɓen ƙasa, har dangi suna karɓar na shiga a ƙofa. Ya ce shi ma ya gaji irin wannan a Kano, soro mai rufin azara da zane a bango, wanda Turawa kan tsaya ɗauka hoto. Cikin mako guda ya baje shi, ya tayar da shaguna hawa biyu. Bai ambaci cewa marigayiya matarsa Hajjo ta yi wata ba ta yi masa magana ba. A ganinsa wannan ba ya cikin tarihin gini. Ya rufe da alkawarin cewa in za a rushe wannan, kwanon rufi da ƙusa duk a wuyansa.

Liang ya dubi zanen da ke jikin ginshiƙi. Ya dubi Issa, ya tambaye shi ra'ayinsa. Issa ba ya jin Turanci, Faransancinsa kuma ba mai saye a nan. Ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya faɗi kalmar godiya guda da ya iya da Sinanci.

Da motarsu ta shigo Xiaobei, unguwar da Tianxiu take, Alhaji ya juya ga Liang.

"Laoban," in ji Alhaji, wato maigida, "batun kwantena fa?"

"Mei you," in ji Liang. Babu. Ya miƙa wa Issa hannu.

Alhaji ya sauka yana gyara riga. Ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare a Tianxiu cewa Allah ne Ya raba shi da mutumin, don wanda bai gyara gidan ubansa ba bai cancanci a yi hulɗa da shi ba. Goron kuwa yana nan gaban gunkin, ya bushe. Issa ya ce da ya koma, ya tarar an kewaye shi da jar igiya.