Shafi Talatin da Biyu

Ranar Talata likita ta gaya musu ƙarin dajin da ke jikin matar ya kai hanta. Matar ta gyara mayafinta. Mijin, tsohon magatakardan kotu, ya tambaya kashi nawa cikin ɗari ke warkewa.

Likita ta ce akwai wani magani da ake gwadawa, gurbi ɗaya ya rage. 'Yan gutsattsarin sinadarin furotin ne, a warwatse ake ɗura su a jini. Sai sun isa cikin ƙarin suke haɗa kansu su zama zare, zaren ya zama raga, ragar ta shaƙe shi. Matar, wadda ta shekara arba'in tana saƙa hulunan jarirai, ta ce wannan kam ta gane. Ta miƙa hannu a ba ta biro.

Shi ya karɓi takardar amincewar. Shafi talatin da biyu ce, kuma bai taɓa barin wani nasa ya sa hannu a abin da ba a karanta ba. A kotu ya ga yadda ake rasa gida ta haka.

"Malam, jikina ne fa," ta ce a cikin bas.

"Shi ya sa."

Ya bi takardar da jan biro. Ya je ɗakin karatu ya nemo abin da aka rubuta game da gwajin maganin a kan ɓeraye, ya tarar yawancinsu sun samu sauƙi, kuma ba wanda ya ba su takarda. Ya fitar da tambayoyi goma sha tara, kowace da lambarta. Aikin ya ci kwana goma sha ɗaya.

Likita ta amsa su duka a tsaye a baranda, har ta yaba. Sannan ta nuna masa sakamakon jinin safiyar. Hantar ta wuce iyakar da aka sa wa masu shiga gwajin. Ya san iyakar. Tana shafi na bakwai, shi da kansa ya ja mata layi.

"Da makon jiya ne, Baba, da an ɗauke ta," in ji likita.

Da ya koma ɗakin da aka kwantar da ita, nas na rataya ledar ruwan rage zafi. Matar ta tambaye shi ko shi ne sabon maganin. Ya ce shi ne.

Kwana ashirin da shida tana ba shi labarin aikin 'yan gutsattsarin. Yau sun ɗaura zare ta gefen dama. Yau hannunsu ya yi sanyi, da alama 'yan koyo ne. In ciwo ya tsananta sai ta ce ja suke yi, haka saƙa take in an zo ƙarshe. A gabansa ta gaya wa ƙanwarta gara da Malam ya tsaya ya karanta, ga shi an ba ta na kirki.

Ya bar maganar gaya mata gaskiya sai ranar da ta ɗan ji dama. Ranar Alhamis da hantsi ya fita ɗebo mata ruwan ɗumi, ya dawo ya tarar an ja labule, ta cika.

Ba wata doguwar magana ba ce. Abin da ake ɗura mata ba maganin ba ne, kuma shi ya ja mata.