Buhunan da Suka Je Baruwa

Zakariya'u ne ya kawo tsarin da kansa, don haka ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. A ƙaramar masana'antar niƙa tattasai da yake shugabanta a Diffa, ya hana amfani da buhun leda. Ya sayo na algarara ɗari huɗu. Manoman bakin kogin Komadugu su cika, kamyo, wato babbar motar kaya, ya kawo, a juye, a mayar musu su sake cikawa. Ƙona leda a bayan magaza, ɗakin ajiyar kaya, ya ƙare. Injin ma ya daina tsayawa, tunda babu zaren leda da ke naɗe masa haƙora. Aikin kwana uku ya koma na biyu.

Falmata, dattijuwar da ke kan mata masu tsintar tattasai, ta tare shi tun makon farko.

"Shef, buhun da ya je Baruwa kada ya shiga cikin sauran."

"Don me, Ya Falmata?"

"Can rabinsu masunta ne. Ba za su bar buhu ya zauna banza ba."

"Ke dai ji da tsintarki," ya ce yana dariya. Matan suka taya shi.

Ranar Talata Hajiya Balkisa ta iso daga Damagaram. Babbar 'yar kasuwa ce, ta yi alkawarin ɗaukar garinsu na shekara guda in ya yi mata. Zakariya'u ya zagaya da ita, ya nuna mata bayan magaza tsaf, ya yi dogon bayani kan buhuna. Ta saurara. Sannan ta dumbuzi garin, ta kai hanci.

"Malam Zakariya'u, tattasai na nema, ba miya ba."

Ya shinshina. Kifin banda ne, ba shakka. Ya buɗe buhu na biyu, ya buɗe na biyar. Duk niƙan makon ya ɗauki ƙarnin.

"Bana kam a'a," in ji Hajiya. Ta kaɗe hannu ta shiga mota.

Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin ya nufi rumfar mata. Ya durƙusa gefen tabarmar Falmata.

"Ya Falmata, yaya za a yi?"

Ba ta ɗaga kai ba. Ta miƙo masa basilla da jan zare.

"Na Baruwa a ɗinka musu ja a baki. In sun dawo, wanki da rana tukuna."

"Ta yaya zan gane su?"

"Da hanci, Shef."

Ya jawo buhu na farko, ya kai fuska.