Hular Ulu a Tegal

A garin Tegal na bakin teku, Tarsih ta sauka daga babur ɗin haya tana ƙanƙame da wata leda a ƙirji. Hular ulu ce ja a ciki, da ɗan kati mai layi biyu a rubutun hannu. Jiya wani matuƙin jirgin ruwa ya ajiye saƙon wajen maƙwabciya, ya ce na matar Darkum ne, ya wuce. Wata tara ke nan ba a ji ɗuriyar mijin nata ba, tun da ya bi jirgin kamun kifi. Kuma a unguwarsu kowa ya sani, wanda teku ta ci, kayansa ake aiko wa gida.

Karatunta ya tsaya a aji huɗu. Ta haɗa baƙaƙen sau goma, ba su ce mata komai ba.

Mbah Sastro ta fara kai wa, tsohon da ya yi makaranta zamanin Turawan Holan. Ya ɗaga katin har saitin hancinsa.

"Ba Holanci ba ne, jikata. Jamusanci ma ba haka yake ba. Danginsu ne dai, amma na nesa."

"Mbah, ta'aziyya ce?"

"Ni da ban karanta ba, ya zan ce miki?"

A ofishin da suka ɗauki Darkum aiki, magatakarda ya haska katin da wayarsa. Wayar ta ce yaren Aislan ne, da ya sake sai ta canza baki. "Dawo Litinin," ya ce, bai ko ɗago ba. Ta karɓi katinta ta fita.

Azahar ta yi mata a bakin tashar jiragen ruwa, a rumfar shinkafar Pak Kasnadi, wanda ya shekara ashirin yana dafa abinci a jiragen Turai. Ta tsaya gefe har masu ci suka ragu.

"Ke, tsayuwa kika zo saya ko shinkafa?"

Ta miƙa masa ledar. Hular ya fara zarowa. Ya juya ta, ya shinshina, sai ya fashe da dariya.

"Kai! Tsofaffin nan har yanzu suna saƙa! Tawa shuɗiya ce, ta yi min yawa."

Sannan ya duba katin. "Gleðilig jól. Yaren Faro ne, wasu tsibirai can cikin sanyi, tumaki sun fi mutane yawa. Barka da Kirsimeti kawai suka ce."

"Ba... ba rasuwa ba?"

"Wace rasuwa? Matan coci ne ke yi wa ma'aikatan jirgi kyauta. Inda na karɓi tawa, ba a aika wa kowa. Sai ka tako da ƙafarka, ka sha gahawarsu marar sukari, su danƙa maka a hannu. Wannan mijin naki, a sanyin can ya cire hula ya aiko wa mace a Tegal? Lallai soko ne."

Tarsih ta lissafa da yatsu: Disamba, Janairu, Fabrairu. Ashe wata biyu da suka wuce Darkum yana tafiya da ƙafarsa.

"Pak, rubuta min sunan wurin. Litinin zan koma ofishin."

Ya rubuta a bayan katin. Ta zauna a benci, ta ce a zuba mata shinkafa. Rana na dukan kwanon rumfar, gumi na bin wuyanta, ta ɗauki hular ta ɗora a kan ɗankwalinta.