Jantin da Muna ta zaɓa

Tun da Abdulgafar ya kai motar marigayi babansu Yamai aka rage mata tsawo, ta dawo Filinge cikinta na neman shafar ƙasa, matarsa Muna ba ta sake shiga kasuwa cikin kwanciyar hankali ba. Duk wadda ta gan ta sai ta tambayi lafiyar kunkurun gidansu. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin ita ce maganar Tahiru, yayan mijin: ranar Juma'a akwai suna a Sanam, in motar ta kasa kai mutanen gida, makulli ya koma hannunsa, a ɗaga ta ta shiga layin taksin ƙauye.

Ga shi tayoyin sun cinye, janti ɗaya kuma ya lanƙwashe, wato ƙarfen nan da taya ke zama a kai. Hamidu makanike, taubashin Muna, ya sa aka kawo kala uku daga Yamai ya jera gaban garajinsa. Na farko ramukan noti biyar gare shi, motar kuwa huɗu, ya fitar da kansa. Saura lamba sha bakwai, faffaɗa mai ƙyalli da siririyar taya, sai lamba sha biyar, toka-toka, tayarsa mai kauri.

Mazan da ke zaune a inuwar garajin baki ɗaya suka ce babban. Babban janti shi ke ɗaga mota, in ji su. Magana ce da kowa ya ji a bakin wani, ba wanda ya taɓa aunawa. Aka ɗaura, Hamidu ya tura yatsu uku tsakanin taya da jikin mota ya ce ta zauna.

Daidai nan Muna ta iso da kwanon abincin rana, mitar ɗinki rataye a wuyanta, don daga kan keken ɗinki ta taso. Ta jingina mitar da taya mai ƙyalli, ta jingina da ɗayar. Tsawonsu ɗaya.

"Taubashi, wa ke cikin motar da ka auna?"

"Ke, nan ba wurin yanka atamfa ba ne. Aje tuwo ki koma."

"Ni in zan yi wa mace riga, sai ta zauna ta ɗaga hannu. Rigar tsaye kowa tana yi masa. Ka taɓa ganin mota ta bar Filinge da mutum guda?"

Abdulgafar ya ce, "Muna, mutane na kallo."

"Su ma za su yi amfani, maigida. Nauyi muke nema."

Ta aika aka zo da Inna Balkisu, uwar mijin, da aminanta biyu waɗanda ba su taɓa barin suna ya wuce su ba. Aka sa buhun hatsi biyu a baya, aka ɗora ragon suna a kai. Motar ta nutse, yatsu ukun Hamidu suka koma ɗaya. Muna ta ciro allin ɗinki ta shafe gefen kowace taya fari fat, ta ce wa mijinta ya murɗa sitiyari har ƙarshe ya tsallaka kwatar da ke gaban garaji.

Ƙarar da ta fito sai da rago ya amsa. Inna Balkisu ta kama salati. Da aka leƙa, allin ya bar taya ya koma jikin ƙarfe, har roba ta fara tsagewa.

"Da wannan ko Kasuwar dabbobi ba za ku kai ba," in ji Muna. "Ɗaura mummunan."

Hamidu ya ɗaura yana gunaguni. Lamba sha biyar ya fi shigewa ciki da kamar yatsu biyu, kaurin tayar kuma na shanye duka. Sau uku aka tsallaka kwatar, dama da hagu. Alli na nan inda ta shafa shi.

Abdulgafar ya tsaya yana kallon mai ƙyallin kamar wanda aka hana amarya.

"Ƙyalli kake so ko makulli?" ta tambaye shi a hankali, yadda ba wanda ya ji.

Ranar Juma'a Tahiru ya ƙi hawa babur ɗinsa, ya zauna gaba ya sauke gilashi, kunnensa waje. Kowane rami sai ya karkata kai yana jira. Muna na matse tsakanin tsofaffi, tana ƙirga ramukan tare da shi. Abdulgafar da ke tuƙi ya bi ramukan a karkace, sannu sannu. Sau ɗaya cikin motar ya shafi yashi, shi ke nan. Taya ba ta ce uffan ba.

Sun shiga Sanam liman bai ko zauna ba. Tahiru ya fito, ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa da babbar rigarsa ya shafa taya.

"Wa ya zaɓi wannan?"

"Mai ɗinki," in ji Inna Balkisu, tana neman takalminta.

Tahiru ya kakkaɓe gwiwa. "Gafar, riƙe makullinka. In za a koma ni ne gaba."

Muna ta ɗauki ƙullin kayan jariri da ta ɗinka ta yi cikin gida, tana sallama da ƙarfi.