Gishirin Malam Barau

Malam Barau ya ƙwanƙwasa gilashin tankin kifi da farce, kifin bai motsa ba. Yana kwance ta gefe guda a kan farin yashi, bakinsa na buɗewa yana rufewa kamar wanda ya sha gudu. Tun jiya ya ƙi cin abinci.

"Daina buga masa, Malam," in ji matarsa Adawiyya daga bakin ƙofa. "Ka kira mai shi."

Ya yi kamar bai ji ba. Mai shi ɗansu ne na fari, Uwais, wanda ya sayar da ragonsa ya sayo wannan ɗan kifin teku a Kano, mai launin lemo da ratsin fari, abin da ko miyar mutum ɗaya ba zai yi ba. A kan haka Malam ya wanke shi tas, har ya ce karatunsa bai yi rana ba. Uwais ya tafi bautar ƙasa Kalaba ya bar wa uwarsa amanar kifin, kuma tun ranar uba da ɗa ba su sake jin muryar juna ba. Abin da ke tsorata Malam ke nan. Idan kifin ya mutu a gidansa, wa zai gamsar da Uwais cewa ba da gangan ba ne?

Ya buga babur daga ƙauyensu Balan sai Gaya, cikin ranar bazara mai dafa ƙwaƙwalwa. Kamalu mai shagon maganin dabbobi ya saurare shi yana danne dariya.

"Akwai fararen ƙuraje a jikinsa, Baba?"

"Babu."

"Injin iskar fa?"

"Sola ce, bai taɓa tsayawa ba."

"To ni kaji da tumaki na sani. Ga dai abin da masu kiwon tarwaɗa ke saya, a gwada sa'a."

Malam ya dawo gida gumi sharkaf. Har ya yage bakin ledar maganin, Adawiyya ta ce ya dakata. Ta tsoma yatsa a ruwan ta ɗanɗana, nan take ta tofar.

"Innalillahi! Wannan ai ya wuce gishiri, ɗaci yake yi. Da yaron nan zai tafi ya ɗanɗana mini, ba haka yake ba. Kuma cewa ya yi idan ruwa ya ragu in ƙara na leda zalla. Ban taɓa sa komai ba."

Sai ta juyo ta ƙura wa mijinta ido.

"Malam, gishirina da ke ƙarewa tun shigowar zafi..."

Ya kawar da kai, ya nuna farin ɓawon gishirin da ya bushe a bakin gilashin. "Ba ki ga yana fita ba? Shi ne nake mayar masa da ɗan kaɗan idan na dawo daga masallaci. Ko tunkiya ai ana ba ta kanwa."

"Kai da ka ce a jefa wa kyanwa kifin?" Ta rasa dariya za ta yi ko kuka. "Haba Malam! Miya idan ta ƙafe ruwa ake ƙara mata, wa ke ƙara gishiri?"

Kunya da tsoro suka rufe shi. Ya suri bokitin ruwa zai juye wa kifin, ta tare gabansa.

"Ka san adadin da za a zuba? Ni ban sani ba."

Kifin ya ɗan zabura, ya sake kifewa. Malam ya ajiye bokitin. Adawiyya ta fara laluben lambar a wayarta, ya miƙa hannu ya karɓa.

"Umma?"

"Ni ne."

"Baba? Lafiya? Wani abu ya sami Umma?"

"Ƙalau take. Kifinka ne."

Ya zayyana masa komai, bai rage ba, yana jiran faɗa.

"Kada a sa maganin nan," in ji Uwais. "A kwashe kofi ɗaya a zubar, a mayar da ruwan leda, sannan a jira. Idan aka sauke gishirin lokaci guda, mutuwa zai yi. Aikin zai iya kai gobe."

"Zai tashi?"

"Allah ne masani, Baba."

Malam ya kwashi ruwan, ya zuba sabon a hankali ta jikin gilashi. Kifin yana nan kwance, numfashin bai sauya ba.

"Baba," in ji Uwais, murya ƙasa ƙasa, "ashe kai kake duba shi?"

"Kai dai faɗa mini, in ƙara ne ko in jira?"

"Jira tukuna. Amma kada ka kashe wayar."

Malam Barau ya jawo tabarma gaban gilashin ya zauna, ya gyara riƙon wayar a kunnensa.

"Ina ji," ya ce. "Can wurin naku, kana samun tuwo kuwa?"