Zobe Kafin Fabrairu

Tun muna cikin mota, kafin mu karya kwanar layinmu a Toledo, na ja wa saurayina Curtis kunne.

"Duk abin da Baba ya ce a kan zaɓe, ka ce haka ne. Duk abin da Gwaggo Lorraine ta ce, ka ce haka ne. In suka ritsa ka a tsakiya, ka cika bakinka da dankali."

Ya ce to. Sai zufa yake yi, alhali sanyin ƙarshen Nuwamba ya sa gilashin motar ya yi hazo. Ya sa kwat, mutumin da ko jana'izar kawunsa da rigar sanyi ya je. Hannunsa kuma ya ƙi rabuwa da aljihun hagu. Ni fa ba yarinya ba ce. A shagon littattafai nake aiki, kuma babu littafin soyayyar da ke hawa kanta ban karanta shi ba. Na san abin da ake nufi idan makanikin bas ya sa kwat yana shafa aljihu. Shekara biyu ina saƙa wannan rana a raina: yadda muryarsa za ta yi rawa, yadda Mama za ta sa kuka, abin da zai ce ya gani a wurina da bai gani a wurin kowa ba.

Da muka iso, allunan kamfe na Baba suna nan kafe a ciyawar ƙofar gida, kamar ba a gama zaɓen rabin zango tun farkon wata ba. 'Yan Rifabulikan ɗinsa sun ƙwace majalisar wakilai, bai ga dalilin tuge komai ba. Gwaggo Lorraine, yayarsa, nas ce da ta yi shekara talatin tana aiki a asibiti, kuma 'yar Dimokurat tun daga tsatso. Ta faka motarta daidai yadda tayar gaba ta kwantar da allo guda.

A gidanmu ba a taɓa abinci Ranar Godiya, bikin shekara-shekara da dangi ke taruwa a ci talotalo, sai ludayin Busia ya zagaya. Busia kakata ce, mahaifiyar Baba da Gwaggo. Ta rasu ta bar ludayin romo na azurfa da doka guda: wanda ludayi ke hannunsa shi kaɗai ke magana, ya faɗi abin da ya gode wa Allah a kai a shekarar, ya miƙa wa na kusa da shi. Na lissafa kujeru, na ga Curtis ne na ƙarshe. Na ce a raina, wayyo, ashe ya iya tsari.

Da Mama ta ce talotalo ya sauka, na shiga banɗaki na yi allurata. Tun ina shekara tara nake da ciwon sukari, irin wanda ba a rabuwa da insulin. In na yi allurar, dole abinci ya biyo baya ba da jimawa ba. Zagayen ludayi kuwa bai taɓa daɗewa ba.

Mama ta fara. Ta gode wa Allah da lafiya, da rufin da ya daina yoyo, ta miƙa wa Baba tana yi masa wani kallo na gargaɗi. Baba ya karɓa, ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Na gode wa Allah da kujera sittin da uku da muka ƙwace a majalisa."

"Gene," in ji Mama.

"Godiya nake, Connie. Mutanen ƙasar nan sun farka. Sun ce ba sa son gwamnati ta shigo musu ɗakin likita. In Allah ya yarda, Janairu na yi a yayyaga dokar lafiyar nan, shafi dubu biyu da ko waɗanda suka sa mata hannu ba su karanta ba."

"Kai ka karanta?" in ji Gwaggo.

"Ludayi yana hannuna, Lorraine."

"Ka riƙe shi da kyau, shi ne abu mafi nauyi da ka taɓa ɗauka a gidan nan. Ba dokar aka ƙi ba, rashin aikin yi ne ya fusata mutane. Ko kare kuka tsayar bana sai ya ci zaɓe, wasu wuraren ma shi kuka tsayar."

"A'a, madalla. In kun ci, jama'a sun yi magana. In kun sha ƙasa, jama'a ba su gane ba. Mutum huɗu ke aiki a shagona, ki zo ki ga yadda kamfanin inshora ya tsuga mini kuɗi bana."

"Bara ma sun tsuga maka. Bara waccan ma haka. Lokacin wa ka zaga?"

Curtis ya dubi wannan ya ce haka ne, ya dubi waccan ya ce haka ne. Tururin talotalo ya fara raguwa. Na kai hannu zan ɗauki burodi, Mama ta ɗan buge mini yatsu ba tare da ta dube ni ba, kamar yadda take yi tun ina ƙarama. Ta manta da allura, hankalinta na kan mijinta. Ni kuma ban so na ɓata zagayen ba, don a ƙarshensa zobena yake. Na haɗiye yawu na jira.

Sai Gwaggo ta nuna ni da cokali mai yatsu.

"Ga 'yarka nan zaune. Wace doka ce ta mayar da Bethany kan inshorarka bayan wata da watanni tana tsimin allura? Wadda kake so a yaga. Fabrairu za ta cika ashirin da shida, ta sake faɗowa daga kanta. Shagon littattafai ba ya ba da inshora, kuma babu kamfanin da zai karɓi mai ciwon sukari. Sashen dokar da zai tilasta musu sai nan da shekara uku zai fara aiki, in mutanenka sun bar shi da rai. To faɗa mini, ranka ya daɗe, me jam'iyyarku mai tambarin giwa ta tanadar mata?"

"Gwaggo, don Allah ki cire ni a ciki," na ce.

Babu wanda ya ji ni. Fabrairun nan ita ce abin da ba na bari a ambata a gabana. Baba kuwa sai na ga fuskarsa ta washe, irin ta ɗan karta da ya daɗe yana ɓoye babban kati.

"Fabrairu? An gama da Fabrairu! Yaron nan ya same ni a shago ranar Talata, ya nemi aurenta kamar ɗan mutunci. Ya ce kada in damu, da an ɗaura za ta hau inshorar wurin aikinsa. Kin gani? Iyali ne suka warware, ba Washington ba!"

Curtis ya zama fari fat kamar dakakken dankalin da ke gabansa. Mama ta dafe kai.

Na ɗauka Gwaggo za ta ji kunya a madadinsa. Ina! Dariya ta fashe da ita har da buga tebur.

"Inshorar ƙungiyar ƙwadago! Ƙungiyar da kake zagi safe da yamma ita ce za ta ceci 'yarka! Kuma ka ji ƙasar da kake alfahari da ita, yarinya sai ta yi aure kafin ta sami allura."

"Ai aure ba abin kunya ba ne!"

"Mista Szymanski," in ji Curtis da wata 'yar murya, "ai mun yi da kai cewa..."

"Yi shiru, ɗana, kare ka nake yi."

Na miƙe. Kujerata ta faɗi ta baya, ban ɗaga ta ba. Na bi ta kicin na shige gareji na rufo ƙofa da ƙarfi.

Garejin ya fi firij sanyi. Na zauna a kan wani kwali cike da ragowar allunan Baba, na sa kuka. Na karanta neman aure a gaɓar teku, a tashar jirgin ƙasa, a tsakiyar yaƙi, a bakin gadon mutuwa. Ban taɓa karanta wanda uban yarinya ya jefa shi a tebur don ya kayar da yayarsa a gardama ba. Abin da ya fi ci mini rai kuma ba wannan ba ne. Maganar ce: kada ka damu, za ta hau inshorata. Ashe kwat ɗin nan da zufar nan duk tausayi ne? Ashe ni ba masoyiya ba ce, mara lafiya ce da za a rufa wa asiri?

Ƙofa ta buɗe. Curtis ya shigo, ya durƙusa a gabana a kan simintin da ya sha baƙin mai, ya sa hannu a aljihu.

"Kada ka kuskura," na ce. "Na rantse in ka fito da zoben nan yanzu, sai na jefa shi a kwata."

Aljihun dama ne. Ɗan kwalin lemon tuffa ya zaro, ya huda shi da tsinkensa ya miƙo mini.

"Sha. Hannunki rawa yake yi tun Gwaggo na maganar kare."

Na duba, da gaske rawa yake. Goshina ya jiƙe da zufa mai sanyi, sukarin jinina ya sauka. Na zuƙe lemon ina hararar sa, don babu abin da ya fi ban haushi kamar mutum ya yi daidai a lokacin da kake son ya yi laifi. Ya bar ni sai da numfashina ya daidaita.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Curtis, kuma kada ka ce mini haka ne. Da lafiyata ƙalau, da yau za ka nemi aurena?"

Ya sunkuyar da kai.

"A'a."

Na kawar da kai.

"Da sai Yuni," ya ce. "A bakin tafki, wurin da kika faɗa ruwa da takalminki. Tun bazara na sayi zoben. Na ma yi magana da mai kwalekwale."

"To me ya kawo inshora cikin maganarka da Baba?"

"Beth, babanki ne fa. Na shiga shagon na ce ina son 'yarsa, ya dube ni kamar na zo sayen ƙusa babu kuɗi. Na ce ba na iya barci in ba mu yi waya ba, ya ce in rage shan kofi. Da na ambaci inshora sai ya rungume ni. Me kike so in yi?"

Dariya ta so ƙwace mini, na danne ta, don ban gama fushi ba.

"Ke nan saboda Fabrairu ne."

"Saboda Fabrairu na matso da shi, ƙwarai. Na gan ki bara kina raba allurar kwana ɗaya ta yi miki biyu, kina ce mini ba kya jin yunwa. Ba zan sake kallon wannan ba don kawai in sami kwalekwale da faɗuwar rana. Kina so in ware miki, nan so ne, nan tsoro ne. Ni ban san ta inda ake ware su ba. Inji na iya kwancewa, wannan ban iya ba."

Daga cikin gida muryar Baba ta ratso bango, yana cewa wani abu a kan haraji, Gwaggo tana amsa masa da tsarin lafiyar Kanada.

Na dubi mutumin nan, gwiwar wandon kwat ɗinsa ta jiƙe da baƙin mai, kunnuwansa sun yi ja don sanyi. Ba amsar da nake so ba ce. Na so ya ce ko duniya babu ciwo babu inshora, yau ɗin nan ce ranar. Amma da ya faɗi haka, da na san ƙarya yake, da kuma na riƙe ta a raina har tsufa.

"Jawabin da ka shirya," na ce, "akwai inshora a ciki?"

"Babu."

"Akwai Washington?"

"Haba dai."

"To faɗe shi. Duka. Kuma kwalekwalen nan yana nan a Yuni, ban yafe ba."

Ya faɗa. Ya manta tsakiyarsa, ya koma farko, muryarsa ta yi rawa fiye da yadda na taɓa zato. Abin da ya ce nawa ne, ba zan ba kowa ba, don na ga abin da mutanen gidanmu ke yi da maganar da ta shiga hannunsu. Zoben ya ɗan yi mini yawa. Na sake yin kuka, irin wanda na shirya yi tun farko.

Da muka koma, romo ya daskare a kwano. Mama ta ga hannuna tun daga ƙofa, ta toshe baki da tsumman kicin, sannan idonta ya faɗa kan kwalin lemon da ke hannun Curtis, ta ce, "Wayyo Allah, allurarki!" Ta hau zuba mini abinci kamar za ta ciyar da mutum biyar.

Baba ya buɗe hannuwa. "Kin gani, Lorraine?"

"Na gani mana," in ji Gwaggo tana share hawaye. "Zo nan, 'yata, Allah ya sa albarka. Amma ki sani, a ƙasar da ta san abin da take yi..."

Na miƙa hannu na fizge ludayin daga gaban Baba. Har lokacin bai bar wurinsa ba.

"Ludayi yana hannuna," na ce.

Suka yi shiru suna jira su ji godiyata, kowa na fatan ta ɓangarensa za ta faɗo. Na ajiye shi a cinyata, na dafe da hannun hagu, na ja farantin talotalo mai sanyi na fara ci. Dokar Busia ba ta faɗi tsawon lokacin da mutum zai riƙe ba.